Yadda za ka fara tattakin motsa jiki a Abuja da manhajar Zombies, Run! ko da ba ka iya gudu

Yawancin mutanen da suke fara fita tattaki da safe a garin nan ba gajiya ce take sa su daina ba, gundura ce kawai. Mutum zai sayi sabon kambas, ya fita Litinin da Talata da ƙarfinsa, zuwa sati na biyu layin nan dai shi ne, get ɗin nan dai shi ne, mai shayin nan dai shi ne, sai zuciya ta fara raya masa cewa yau a huta gobe a rama, toh daga nan shikenan kambas ya koma ƙarƙashin gado. Ga rayuwar Abuja ita ma ba ta taimakawa, daga gida sai mota, a sha goslo a Nyanya ko hanyar Kubwa, a isa ofis a zauna kan kujera har la'asar, a dawo a ci tuwo a kwanta, sai ranar da aka je asibiti aka ce jini ya hau ko suga ya fara motsi sannan hankali ya tashi.

Abin da nake so in nuna maka shi ne yadda za ka sa labari ya riƙa jan ka waje, domin ni a ganina duk wanda yake son ya ji yadda labari zai ƙare ba ya buƙatar a tashe shi.

Sunan manhajar Zombies, Run! Wani kamfani na Ingila mai suna Six to Start ne ya yi ta tare da marubuciya Naomi Alderman, sun tara kuɗin aikin ta Kickstarter, shafin intanet da jama'a ke haɗa kuɗi don tallafa wa sabon aiki, a 2011, ta fito a 2012. A 2023 aka sa mata suna ZRX, don haka in ka ga wannan sunan a wurin nema kar ka rikice, ita ce. Yadda take aiki kamar wasan kwaikwayon rediyon nan ne da ake katse shi a daidai inda ya fi daɗi a ce sai mako mai zuwa, bambancin kawai a nan kai ma kana cikin 'yan wasan. Annoba ta cinye duniya, mutane sun zama zombi irin na finafinai, 'yan tsirarun da suka tsira sun kafa wani ɗan sansani mai suna Abel Township, kai kuma sunanka Runner 5, aikinka ka fita bayan ganuwa ka samo magani da batir da ruwa da abinci, ka ceto mutane, ka kwaso sirrin yadda abin ya faro. A kashi na farko jirgi mai saukar ungulu ne yake faɗowa da kai, sai muryar wani saurayi mai kula da rediyon sansanin, Sam Yao, ta shigo kunnenka tana nuna maka inda za ka bi. Runner 5 ba ya magana a labarin kuma ba a ce namiji ne ko mace ba, saboda haka Hajiya ke ma naki ne. Kuma duk da akwai gudu a sunanta, wallahi ba sai ka yi gudu ba, tafiya ma tana ƙirgawa kuma labarin zai ci gaba daidai.

Abu biyu tun kafin ka sauke. Labarin da Turanci yake, Turancin Ingila, suna magana da sauri wani lokacin, sai dai kunne yana sabawa bayan kashi biyu ko uku, kuma kana iya maimaita kashi in wani abu ya wuce ka. Na biyu, labari ne na manya, akwai mutuwa da firgici da rayuwar Turawa yadda take, don haka kar ka miƙa wa ƙaramin yaro sai ka saurara da kanka.

Mataki na farko: shirya wayar tun a gida

Ka shiga Play Store ko App Store ka rubuta Zombies, Run ka sauke, ka buɗe akawun da imel ɗinka domin ko waya ta ɓace ko ka canza wata ba za ka koma farko ba. Akwai ɓangaren kyauta akwai na biya, shawarata kar ka biya ko sisi tukuna, ka yi sati biyu da na kyautan ka ga ko abin ya shige ka. Kowane kashi sauti ne da ake saukewa, toh ka sauke biyu ko uku tun da dare in kana da wayfay ko garaɓasar datar dare, kar ka bari sai ka fita titi netwok ya riƙa yi maka wasa kana tsaye bakin get kana jira.

Wurin da mutane suka fi samun matsala shi ne nan: wayoyin Android da yawa da muke riƙewa suna kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage da zarar an kulle sikirin, don adana caji. Kana tsakiyar labari sai ka ji shiru, ko ka gama tafiyar rabin awa ta nuna maka mita 300. Ka shiga saitin waya, ɓangaren batir, ka nemo manhajar ka cire mata takunkumin adana caji, sannan ka ba ta izinin ganin wurin da kake. Ka kuma kashe yanayin adana batir gaba ɗaya lokacin da za ka fita. GPS, wato abin da waya ke gane wurin da kake da shi, yana cin caji, in NEPA ba su kawo wuta da dare ba kuma wayar tana ƙasa da kashi 30 gara ka jona ta da fawa bank kafin ka gama shiri.

Sai yadda za ta riƙa auna tafiyarka. In a waje za ka yi, zaɓi GPS. In a tsakar gida ne ko cikin falo ko kan injin tafiya na jim, zaɓi ƙirgen taku, wayar za ta riƙa jin motsin jikinka daga aljihu. Wannan na biyun yana da amfani sosai ga matan da ba su samun fita, ko ranar da ruwan sama ya tsare kowa.

Tsakanin maganganun labarin akwai gurbi na 'yan mintuna da ake sa kiɗa, naka kiɗan da ke waya ko wata manhajar sauraro, in lokacin magana ya yi sai ta rage shi ko ta tsayar. Ka zaɓi masu ɗan zafi domin ƙafa tana bin kiɗa ko ba ka sani ba. In ba ka jin kiɗa ka bar wurin shiru, ba laifi, ni ma na fi son shirun da asuba. Abin da ba na so shi ne mutum ya sa karatun Alƙur'ani a wannan gurbin, domin za a riƙa katse shi a tsakiyar aya da gurnanin zombi, wannan bai dace ba, a ba karatu lokacinsa daban.

Mataki na biyu: kashe farautar tukuna

Akwai wani saiti mai suna Chases, wato farauta, shi ne zombi su biyo ka. In yana kunne, kana cikin tafiya sai murya ta yi gargaɗi cewa ga su nan kusa, sai ƙara ta fara, tana ƙara sauri suna ƙara matsowa, kai kuma dole ka ƙara saurinka da kusan kashi 20 cikin 100 a kan yadda kake tafiya, na kamar minti ɗaya, kafin ka tsere. In sun cim maka ba mutuwa za ka yi ba, wasu daga cikin kayan da ka tsinta ne za ka zubar. Lissafin mai sauƙi ne, in kana tafiyar kilomita 5 a awa, ana so ka kai 6, ka ga wannan ai tafiya ce mai sauri, ba gudu ba. Amma satin farko da na biyu ka kashe shi. Dalilina ba na gwiwa kaɗai ba ne, ita manhajar ba ta san kana bakin titi ba, ba ta san akwai buɗaɗɗen kwalbati a gabanka ba, kuma sabon shiga in ya ji gurnani a kunne ƙafarsa takan riga tunaninsa.

Mataki na uku: hanya, kuma a nan zan daɗe

Manhajar ba ta zaɓa maka hanya. In Sam ya ce ka yi hagu wajen tsohon asibiti, labari ne kawai, kai dai ka ci gaba da bin hanyarka. Don haka ka zaɓi hanyar tun kafin ka sa iyafis, kuma ka fara bin ta sau ɗaya da rana ba komai a kunne, ka ga inda ramuka suke, inda karnuka suke, inda babu fitila, inda motoci ke shan kwana da gudu.

Hanya mafi kyau ita ce wadda za ka zagaya ka dawo ba tare da ka tsallaka babban titi ba. Wanda yake Gwarinpa ya huta, layukan cikin estet ɗin suna da tsawo da inuwa, ka dai guji manyan hanyoyin da Keke Napep ke cika da safe. Na kusa da Jabi ga filin bakin tafki, ranar Asabar da safe cike yake da masu motsa jiki, maza da mata da dattawa, babu mai kallon wani, kuma ga sabon shiga mai jin kunya babu kamar wurin da kowa ke yin abin da kake yi. Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta biyu ta buɗe a 2003, yana da shimfiɗaɗɗun hanyoyin tafiya kuma mota ba ta bin su, sai dai ka tambayi lokacin buɗe get kafin ka ɗauki hanya. Harabar filin wasa na Moshood Abiola ita ma masu atisaye suna taruwa a ƙarshen mako. Amma gaskiya waɗannan wuraren na Asabar da Lahadi ne ga yawancinmu, in ka ce sai ka shiga mota daga Lugbe ko Karu ko Dutse kullum kafin ka yi tattaki, ba za ka ɗore ba. Na ranakun aiki ka nemo a unguwarku, ko filin makarantar firamare ne, ko zagayen masallaci da layuka uku na bayansa, ko cikin harabar ma'aikatarku bayan an tashi.

Dan Allah kar ka bi gefen babbar hanyar Kubwa ko ta filin jirgi da abu a kunne. Motocin nan gudu suke na fitar hankali, kuma hayaƙin ma kaɗai ya isa ya hana ka. In tsallakawa ta zama dole ka hau gada, ka cire iyafis har sai ka sauka. Inda babu hanyar masu ƙafa ka bi ɓangaren da kake fuskantar motocin da ke tahowa, ka gan su su gan ka.

Masu zama Asokoro, Guzape, Katampe ko Mpape ku kuma tudu ne naku. Tudu yana da kyau ga zuciya amma ka fara da gangaren da bai kai ya kawo ba, kuma ka sani in farauta ta same ka a tsakiyar hawa da wuya ka tsere, ka bar musu kayan kawai, ba abin da za a yi asarar numfashi a kai ba ne.

Kunne ɗaya. Wannan ba na sassautawa a kai. Ka sa iyafis a kunne ɗaya, ɗayan a buɗe, sautin kuma kar ya kai yadda ba za ka ji hon ko takun mutum a bayanka ba. Wayar ta zauna a aljihu mai zif ko 'yar jakar ƙugu a ƙarƙashin riga, ba a hannu ba, domin masu fizgen waya suna son mai tafiya shi kaɗai da duku-duku yana kallon sikirin, kuma ita wannan manhajar an yi ta ne don kunne, ba ka buƙatar duba komai sai ka dawo gida. In ka gama ka gaji kar ka faɗa kowace mota ka ce a kai ka gida, maganar 'yan wan cans, masu ɗaukar mutum a mota kamar fasinja su yi masa fashi, kowa ya san ta a garin nan, shi ya sa na ce hanya ta zama zagaye mai dawo da kai ƙofar gidanka. 'Yan uwa mata ku fita biyu ko uku, kowacce da labarinta a kunne ɗaya, ku sanar da wani a gida hanyar da za ku bi. Kuma taswirar tafiyar da take nunawa a ƙarshe kar a ɗora ta a Facebook ko status, tana nuna inda kake farawa da inda kake ƙarewa, wato gidanka, da lokacin da kake fita.

Lokaci kuma, bayan sallar asuba in gari ya fara haske shi ne ya fi, ko bayan la'asar sakaliya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Abuja ba na wasa ba ne, ƙarfe 8 na safe ma rana ta riga ta buɗe. Da hunturu mai asma ko mura ya sa takunkumi ko ya koma tsakar gida ranar da ƙura ta yi yawa. Da damina in ka ji tsawa ka koma. Da azumi yawanci bayan tarawihi ya fi sauƙi, in wurin da haske da jama'a.

Kaya ba wani abu ba ne: kambas da bai matse yatsu ba, safa, riga mara nauyi. Gwanjo ma ya yi in tafinsa bai cinye ba. Silifas ne dai ban yarda da shi ba. Mace za ta iya da dogon wando da riga mai faɗi da hijabi mara kauri wanda ba ya jan ƙasa. Ka sha ruwa kafin ka fita, fiya wata ɗaya a hannu ya isa rabin awa.

Mataki na huɗu: ranar farko da satuttukan da ke biye

Ka tsaya a fili ka ba GPS ɗan lokaci ya kama, ka danna kashi na farko, ka sa waya a aljihu. Minti biyar na farko a hankali, jiki ya ɗumama. Daga nan ka ɗaga ƙafa zuwa saurin da za ka iya gaisawa da mutum ka amsa amma ba za ka iya rera waƙa ba, wannan shi ne ma'aunin. In kana son lamba, ka ƙirga takunka na daƙiƙa 15, in ya kai wajen 25 toh kana kan taku 100 a minti, ka shiga sahun tafiya mai amfani. Kai a ɗage, kafaɗa a sake, hannu yana lilo. Kana tafiya za ka riƙa jin wata murya tana cewa ka tsinci kaza ka tsinci kaza, ba sai ka taɓa komai ba, da kanta take tarawa. Kashi ɗaya yakan ɗauki kamar rabin awa, kuma kana iya rage tsawon ko ƙara shi a saiti. Minti biyar na ƙarshe ka sassauta, kar ka tsaya cak.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati. Rabin awa sau biyar ya ba ka 150 ɗin, wato kashi biyar na labari a sati. Amma ba daga nan za ka fara ba. Satin farko kwana uku, minti 20, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Sati na biyu kwana ukun dai amma cikakken rabin awa. Na uku ka ƙara rana ta huɗu, kuma in hanyarka ta zauna maka a kai ka kunna farauta, ka ji yadda minti ɗayan nan na sauri yake sa zufa. Na huɗu ka gwada biyar. In wani satin ya yi maka nauyi ka maimaita shi, sannu ba ta hana zuwa. Maganar taku 10,000 da ake ta yaɗawa kuma kar ta dame ka, asalinta sunan wata na'urar ƙirgen taku ce da aka tallata a Japan a 1965, wanda yake zaune duk yini in ya ƙara ko taku dubu biyu ko uku a rana jikinsa zai amfana.

Yanzu ga ƙa'idar da duk abin ya rataya a kanta: ba a jin labarin sai ana tafiya. Za ka kai wurin da aka katse a daidai lokacin da wani da ka fara so yake cikin haɗari, zuciya za ta ce ka kwanta kan gado ka kunna na gaba ka ji, kar ka yarda. Ranar da ka yi haka ka kashe dalilin fitarka gobe. Kashi ɗaya a fita ɗaya, ko da kana jin ƙarfin yin biyu, ka bar sauran ƙishirwar ta tashe ka.

In ka dawo gida ka yi wanka, sannan ka buɗe ɓangaren sansani, kayan da ka tsinta da su ake gina gidaje da asibiti da gonaki da ƙarfafa tsaro a Abel. Wasu wannan ginin ne yake riƙe su fiye da labarin ma, wasu ko kallonsa ba sa yi, duk ɗaya ne.

In ka yi fashin kwana uku ko sati guda saboda tafiya ko biki ko rashin lafiya, kar ka ce sai ka rama, ka ɗora daga inda ka tsaya da minti 20 kawai, labarin yana nan yana jiranka.

Maganar lafiya

Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa ba, ku fara gaya wa likita, musamman kafin kunna farauta, tunda ita tana ɗaga bugun zuciya ne farat ɗaya. Tattaki ba ya maye gurbin magani, kar ka ga awo ya yi kyau sati biyu ka ajiye ƙwayoyinka. Mai suga da ke shan magani ko allurar insulin ya sa dabino biyu ko alawa a aljihu saboda faɗuwar suga, kuma ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk ya dawo, domin ƙaramin ƙurji a ƙafar mai suga yakan zama babban aiki. Ciwon ƙirji, jiri, numfashin da ya ƙi dawowa, ko ciwo mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ka tsaya nan take ka nemi asibiti, ba a jira kashi ya ƙare. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu kuwa a cinya da sharaɓa ba komai ba ne, zai wuce.

In Baba ko Mama kake son jawowa kuma Turancin ya yi musu nisa, ka fita tare da su kai kana ji kana ba su labarin da Hausa a hanya, farauta a kashe, saurin kuma nasu za a bi.

Bayan wata biyu ko uku in ka ji rabin awa ta daina sa ka haki kuma kana sha'awar sassarfa, akwai shirin Zombies, Run! 5k Training na sati 8, shi ma da labarinsa a sansanin Abel ɗin, yana farawa da tafiya ana cakuɗa ta da ɗan gudu na daƙiƙu, ana ƙarawa a hankali har ka iya kilomita 5. In gwiwa tana damunka ko nauyi yana da yawa ka bar shi tukuna, ka ƙara tsawon tattakin zuwa minti 40 ko 45, ko ka sa tudu ɗaya a hanyarka sau biyu a sati.